Ba wanda ya tambayi Yaya

Daren jiya wani ya turo bidiyo a gurup ɗin WhatsApp na 'yan kartiyenmu, wato unguwarmu. Wani bawan Allah ne a gefen babbar kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, ba riga a jikinsa, yana ta surutu shi kaɗai yana nuna sama da yatsa, yara sun zagaye shi, mai ɗaukan bidiyon kuma ana jin ƙyaƙyatawarsa ta bayan waya. Kafin in gama kallo har mutum shida sun danna alamar dariya. Na rubuta na ce don Allah a goge, sai wani ya amsa min wai ai bai ma san ana ɗaukansa ba, me zai dame shi. Wannan amsar ce ta hana ni barci, don na san wani da aka taɓa ɗauka haka, kuma ya sani sarai, ya san wanda ya riƙe wayar, ya san kalar rigar da ke jikin mai ɗaukan, har yau in ka tambaye shi zai faɗa maka.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan kira sunansa ba, kuma kafin in sa wannan rubutun a nan sai da na karanta masa shi tun daga farko har ƙarshe, ya sa na cire wuri biyu, na cire.

Tela ne, kuma ba ƙaramin tela ba, in sallah ta matso sai ka yi kamun ƙafa kafin ya karɓi yadinka. Abin ya fara ne shekara shida da suka wuce, lokacin zafin nan na watan Afrilu da Garwa ke zama kamar tanda. Barci ya ƙaurace masa, kwana uku, kwana biyar, yana ɗinki har asuba yana farkewa yana sake ɗinkawa, daga nan ya fara cewa ana magana da shi ta cikin rediyo, maƙwabta sun haɗa baki da wasu za su kashe shi. Inna ta ce iska ce. Baffa ya ce sammu ne, abokan sana'a ne suka yi masa saboda kasuwa. Wasu a waje suka ce tramol ne, don a nan duk saurayin da kansa ya juya abin da ake fara cewa ke nan, alhali Yaya ko sigari bai taɓa sawa a baki ba. Kowa ya faɗi nasa, an yi zama har sau biyu a zauren Baffa, shi kuma yana ɗaki an kulle ƙofa ta waje.

Aka yanke a kai shi wurin wani malami a wani ƙauye, tafiyar kamar awa biyu. Ni na riƙe masa hannun dama a cikin mota. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba, ni ne. An ce masa za mu je gaisuwar rasuwa ne.

Ba na son in yi wa malamai kuɗin goro, don akwai waɗanda na sani da za su yi maka tofi su ba ka rubutu sannan su ce maza ka wuce lopital, wato asibiti, wannan ba aikinmu ba ne. Amma inda muka kai Yaya ba haka ba ne. Rumfa ce ta zana a bayan gida, da gungumen icce a ƙasa, mutum huɗu a jere kowa da mari a ƙafa. Ana yi musu hayaƙi safe da yamma, ana hana su abinci wai don a raunana aljanin, wanda ya yi gardama kuma a zane shi, a ce ba shi ake duka ba, na jikinsa ake duka. To amma fatar da ta fashe ta wa ce? Yaya ya yi kwana 40 a wurin. Da na je duba shi a sati na uku ya kama rigata ya ce "ƙanina, ka cire ni, wallahi ina cikin hankalina yau", sai almajirin malamin ya ce kar in saurara, ba shi ke magana ba. Na saurari almajirin. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muni, da zarar an ce ba kai ke magana ba to an gama da kai, in ka yi kuka aljani ne, in ka yi shiru aljani ya ɓuya, in ka yi magana mai ma'ana aljani ya iya wayo.

Lokacin da labarin gidan marin nan na Rigasa a Kaduna ya fito a watan Satumba 2019, da 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 wasunsu da sarƙa a ƙafa, mutane a nan suna ta salati suna cewa kai Najeriya, kai Najeriya. Ni shiru na yi. Bayan shekara ɗaya, a Oktoba 2020, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ta samu shaidar ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Wato ba halin wata ƙabila ba ne ko wani addini, a gidajen malamai ana yi, a wuraren addu'a na coci ana yi, a cikin gida bayan ɗaki ma ana yi. Kuma gaskiya yawancin masu ɗaurewan ba mugaye ba ne, irinmu ne, mutanen da tsoro da gajiya da rashin wurin zuwa suka haɗu musu. Inna ba ta ƙi ɗanta ba, sai da ta sayar da 'yan kunnenta na zinari ta biya kuɗin marin da aka sa masa.

Ƙafar ce ta cece shi, in za a kira wannan ceto. Inda ƙarfen ya ci ya zama gyambo har yana wari, dole aka kwance shi muka dawo gari don a wanke ciwon, a nan ne wata ma'aikaciya ta kalle shi ta ce mana wannan ai akwai maganinsa, ku kai shi ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa.

To a nan ne labarin ya kamata ya yi daɗi ko? An bar jahilci an zo ilimi. Haka ni ma na ɗauka. Kuma ba zan yi butulci ba, maganin lopital ne ya dawo mana da shi da ikon Allah. Amma abin da na gani a can shi ne ya sa nake wannan rubutun, don na gane ana iya cire wa mutum mari a ƙafa kuma a ci gaba da yi masa kallon kaya.

Ranar farko mun shiga ofis mu uku, ni da Baffa da shi. Mutumin da ya karɓe mu bai ɗaga kai ya dube shi ba ko sau ɗaya. Ni yake tambaya da Faransanci, tun yaushe ya fara, yana cin abinci, yana duka, yana shan ƙwaya. Abin haushin Yaya ya fi ni jin Faransanci nesa ba kusa ba, shi ya kai aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ni a aji uku na gudu na kama gyaran waya. Yana zaune yana jin ana zancensa kamar akuyar da aka kawo wa likitan dabbobi. Sau ɗaya ya buɗe baki zai gyara wata magana da na faɗa ba daidai ba, aka ɗaga masa hannu. Aka miƙo takarda aka ce in sa hannu, na sa, ban karanta ba, ba a karanta min ba, shi kam ba a ma nuna masa ba. Aka rubuta ordonans, wato takardar magani, na ruga farmasi na dawo, mutum uku suka danne shi aka yi allura.

Kwana biyu bayan nan muna gida da dare sai wuyansa ya murɗe gefe ɗaya ya ƙi dawowa, harshe ya fito, idanu suka kafe sama, yawu na zuba. Inna ta fasa ihu, Goggo ta ce ai ga shi nan, dama an faɗa, aljanu ba sa son allura, a mayar da shi wurin malam tun kafin su kashe shi. Wallahi saura ƙiris a mayar da shi a daren. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa jinyar ƙaninsa ne ya leƙo ya ce a'a, maganin ne, ku koma yanzu. Na ɗauko klando, wato ɗan acaɓa, muka sa shi a tsakiya. Ashe abu ne sananne, magungunan ƙwaƙwalwa irin su haloperidol suna yin haka musamman ga samari a kwanakin farko, kuma akwai maganin da ake bayarwa ya sake jijiyoyin, su Artane, cikin ɗan lokaci wuyan ya dawo daidai. Maganar da ba za ta ci minti biyu ba, "in kun ga kaza kar ku tsorata, ku dawo", ba wanda ya faɗa mana, balle shi mai jikin. Daga baya ya gaya min a daren nan ya ɗauka guba muka ba shi, kuma in ka duba ta ina zai gane ba haka ba ne? Mutum yana tsoron ana son kashe shi, sai aka danne shi aka soka masa abin da bai san sunansa ba, sai jikinsa ya murɗe.

Sai maganar sirri. Ranar randevu, wato ranar da aka ba ka ta ganin likita, ana zama ne a baranda, a fito a ƙwala sunanka da na mahaifinka kowa na ji, wani lokacin a tsaya a bakin ƙofa ana tambayarka ko har yanzu kana jin muryoyin, ga masu jiran wani ɓangaren suna kallo. Akwai wata da ke aiki a wurin 'yar kartiyenmu, ba ma a ɓangaren take ba, amma ta buɗe karne ɗinsa, wato katin asibitinsa, ta karanta, kafin sati ya zagayo labari ya kai gidan yarinyar da aka sa musu rana. Aka dawo da kayan. Ban ce dole sai sun ba shi 'yarsu ba, kuma ban ce a ɓoye wa dangin mace irin wannan lalura ba, haƙƙinsu ne su sani kafin a ɗaura, amma daga bakinsa ya kamata su ji, a lokacin da ya samu sauƙi zai iya zama ya yi bayani, ba daga bakin wadda aka ba amanar takarda ba. Dokar ƙasar nan ta hana ma'aikacin lafiya fitar da sirrin mara lafiya, laifi ne da ake hukuntawa, amma wa zai kai ƙara? Mahaukaci? Wa zai saurare shi a komisariya, wurin 'yan sanda?

Yanzu bari in zo kan nawa laifin, don da sauƙi mutum ya yi ta nuna wasu. Bayan abin da ya faru da wuyansa Yaya ya ƙi shan magani, ƙememe. Ni kuma na shiga daka ƙwayar ina zuba masa a kunu. Wata huɗu ina yi. Kuma ya samu sauƙi, barci ya dawo, surutun ya tsaya. Har yau in aka tambaye ni ko na yi daidai ba ni da amsa guda. In ban zuba ba wataƙila da ya koma rumfar zana, ko ya bi titi. Amma ranar da ya kama ni, ya shigo madafa ya tarar da ni da cokali ina murzawa, bai yi faɗa ba, cewa ya yi "ashe dai ba ƙarya nake ba da nake cewa ana sa min abu a abinci". Kusan shekara bai ƙara cin abin da ya fito daga hannuna ba, yana zuwa bakin titi ya sayi ƙosai da kuɗinsa. Ciwon yana gaya masa na gida suna yaudararsa, mu kuma muka tabbatar wa ciwon maganarsa, tun daga gaisuwar rasuwar ƙarya har zuwa kunu.

Keken ɗinkinsa guda biyu kuwa, har da na sirfani da ya tara kuɗinsa shekara uku, Baffa ya sayar tun yana wurin malam, aka ce za a yi masa magani da kuɗin, wani ɓangare an yi, wani ɓangaren Allah ne masani. Shagon aka ba ɗan Baffa. Da ya warke ya tambaya aka ce masa ai kai lokacin ba ka da hankali. Mutanenmu sun haddace hadisin nan na cewa an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Amma alƙalamin zunubi aka ɗauke masa, ba a ce dukiyarsa ta zama ganima ba. A Suratun Nisa'i aya ta 5, inda aka ce kar a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, a nan take aka ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a kuma faɗa musu magana mai kyau. Riƙo ne na amana, ranar da ya dawo a miƙa masa kayansa. Kuma wannan ta ƙarshen, magana mai kyau, ita ce ba mu yi ba mu duka, daga gida har wurin malam har lopital.

Na san za a ce ma'aikatan ma abin tausayi ne, kuma haka ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru ba su da yawa, mafi yawansu suna Yawunde da Duwala, babban wurin da kowa ya sani shi ne asibitin Jamot a Yawunde, kuma daga nan sai ka hau mota zuwa Ngaundare ka kwana a jirgin ƙasa, da mara lafiyan da ba ya zama wuri ɗaya, ga kuɗin mota ga na masauki. A arewa galibi anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, ne ke ɗauke da aikin, ga mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a wajen Mora da Mokolo da sansanin Minawawo, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Mutum ɗaya da layi har waje, ba zan ce ya zauna awa guda da kowa ba. Amma ɗaga kai a kalli mutum a ce sannu, ya sunanka, wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga ministan lafiya.

Kuma na ga wanda ya yi. Shekara ta biyu aka canza mai duba su, aka kawo wani anfirmiye, ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne ma, Fulatanci yake haɗawa da Faransanci. Ranar farko da muka shiga na fara bayani kamar yadda na saba sai ya ce min in ɗan jira a waje, zai kira ni in mai lalurar ya yarda. Raina ya ɓaci fa, ni da na yi ta wahala. Minti ashirin suna ciki. Ashe tambayarsa ya yi me ya fi damunsa da maganin, Yaya ya ce hannunsa na rawa ba ya iya zura zare a allura, kuma yana kwana har hantsi. Ba wanda ya taɓa sanin haka, mu muna murna ya yi shiru yana barci, shi kuma yana kallon sana'arsa tana tafiya. Mutumin ya rage masa yawan maganin a hankali, ya mayar da shan zuwa dare, ya zana masa a takarda alamomin da in ya gani ya dawo da wuri, ya kuma gaya masa gaskiya cewa in ya daina gaba ɗaya abin zai iya dawowa. Tun ranar Yaya da kansa yake zuwa farmasi. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga baya ne da na shiga karance-karance a waya na gane abin da mutumin nan ya yi yana da suna a takardun duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2006, kuma masu lalurar ƙwaƙwalwa suna ciki, jigonta shi ne a taimaki mutum ya yanke shawara da kansa maimakon a yanke masa. Hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin QualityRights a 2012 don koya wa ma'aikata wannan. Mu ma muna da dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare naƙasassu. Najeriya ta daɗe tana aiki da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sai a Janairu 2023 aka sanar Buhari ya sa hannu a sabuwa. Duk da kyau, sai dai takarda ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Wanda ya fi burge ni ma ba ɗan boko ba ne, wani mutumin Benin ne, Grégoire Ahongbonon, da can facin taya yake yi a Buwake ta Kodebuwa, shi ya shiga bin ƙauyuka yana roƙon iyalai su bari ya kwance 'yan uwansu daga jikin itace, ya yi musu wanka, ya kai su inda za a ba su magani, kuma da yawa daga masu aiki a cibiyoyinsa waɗanda suka warke ne a wurin.

Ban ce ba a taɓa tilasta wa mutum ba. Ranar da ya ɗauki almakashi yana cewa za su shigo, ba lokacin neman izini ba ne, dole a riƙe shi. Amma riƙon na awa nawa ne, wa ke dubawa, yaushe za a sake, kuma in ya lafa wa zai zauna ya ce masa ga abin da muka yi maka ga dalili, ka yi haƙuri? Mu riƙon rana ɗaya muka mayar shekara biyu.

Bara ciwon ya ɗan motsa, bayan rasuwar Inna. Da ya lafa shi da kansa ya kira ni ya ce in kawo biro da takarda. Ya yi ta faɗa ina rubutawa: in ya kwana biyu bai yi barci ba in gaya masa a fuskarsa, kar in je ina gaya wa Baffa. In ya ƙi zuwa lopital in kira abokinsa da suka yi makarantar allo tare, shi yana jin maganarsa. In dole sai an kai shi da ƙarfi to a kai shi, ya yafe, amma a gaya masa inda za a je, kar a ƙara ce masa gaisuwa. Ba mari, ko da wa ya ce. Ba magani a abinci. Kekensa, wanda ya saya da bashi ya gama biya da kyar, a kulle shi a ɗakina kar a taɓa. Duka muka sa hannu, anfirmiyen ma ya karanta ya ajiye kwafi a dosiye ɗinsa.

Akwai layi na ƙarshe da ya sa na ƙara, wai duk wanda ya ɗaga waya a kansa in karɓe in fasa, shi zai biya. Bidiyonsa na farko, wanda aka ɗauka ranar da muke fito da shi daga gida yana turjewa zani ɗaya a jikinsa, har yanzu yana yawo. Watan da ya wuce wani yaro ya kawo min waya gyara, ina juye masa kayan ciki zuwa sabon kati sai ga shi a cikin fayil ɗin barkwanci, tsakanin bidiyon wani biri a kan moto da na wani da ya faɗi a gidan biki. A gefen hoton ana ganin hannun wani riƙe da damtsen Yaya, da agogon roba baƙi. Agogona ne.